Man Birkin da Na Zuba a Motar Yaya Umaru

Ni na zuba man birki a famfon sitiyarin motar Yaya Umaru, da hannuna, kuma da sanina. Kusan shekara talatin ke nan, kuma da ana komawa baya a goge aiki ɗaya, wannan zan goge. Amma kafin in kai ga motar sai na fara da Inna Dije, kakarmu ta wajen uba, domin ba ta bar ni cikin duhu ba. Ta gaya mini tun ina yaro, ni ne ban ji ba.

A gidanmu na Gwandu, da an gama sussukar gero sanyi ya shigo, Inna takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da 'yar ƙwaryar gyaɗar da zai ɓare mata, don ba ta yi wa mai zaman banza tatsuniya. Yaya Umaru, wana da muke ciki ɗaya, shi ke iza wuta. Ni kuwa wurina jikin ƙafarta, inda nake jin ƙamshin man shanu da hayaƙi a zanenta. In ta shirya sai ta ƙwanƙwasa ƙwarya ta ce, "Baƙuwa ta iso bakin zaure." Mu ce, "A shigo da ita!"

"Kai Mamman, mijin banza," takan ce mini, "ɓara kake ko ci kake? Miji ƙato, ko goro bai taɓa kawo min ba."

In ce, "In na girma a mota zan ɗauke ki."

"Ni da motarka? Gara jakin Malam, shi ko ya kada ni ƙasa kusa take."

A cikin tatsuniyoyinta akwai ta wani mai gyaran jirgin ruwa. Wata rana mai fito ya kawo masa jirgi ya tsage a ciki. Aikin gaskiya shi ne a cusa tsumma a tsagar, a ɗora ƙarfe, a buga ƙusa. To amma ana kiɗa a bakin kasuwa, ƙafarsa tana ƙaiƙayi. Sai ya kwaɓa laka ya shafe tsagar, ya goga baƙin tukunya a kai, ya ce an gama. Mai fito ya loda hatsin mutanen gari. Suna kaiwa tsakiyar gulbi laka ta narke, jirgi ya nutse, hatsi ya tafi. Mutane suka taru a gaɓa suna zagin mai fito, wai bai iya tuƙi ba. Mai gyara yana tsaye a cikinsu, shi ma yana girgiza kai.

A nan Inna takan rage murya. "Tun daga rannan, duk sa'ad da ya ɗauki ƙwarya zai sha ruwa, sai ɗan kifi ya leƙo daga ciki ya ce, 'Ƙusa ka buga ko laka ka shafa?' Har ya daina shan ruwa gaban mutane."

Mu kuwa mu yi ta dariya, muna leƙa ƙwaryar juna muna neman kifi.

Na girma na koyi kanikanci a Kalgo, har na buɗe 'yar rumfata a bakin hanya. Yaya Umaru kuma ya sayi wata tsohuwar mota a gwanjo, irin mai sitiyarin da ke aiki da mai, wanda da yatsa ɗaya ma sai ka juya shi. Da ita yake jigilar mutane. Wata Laraba ya kawo mini ita.

"Mamman, duba min wagga mota. In na juya ta kuka take kamar akuya, kuma kullum sai na ƙara mata mai."

Na shiga ƙarƙashi. Jan man sitiyari ya jiƙa ko'ina. Na goge na bi tiyo, lafiyarsa lau. Daga famfon ne, robar da ke riƙe mai a bakinsa, wadda muke kira sil, ta gaji. Na san aikin sarai: a sassauta bel ɗin da ke juya famfon, a ciro shi, a warware shi a kan tsumma mai tsabta, a sa sabon sil, a mayar, a cika da jan mai, a ɗaga gaban motar da jak a yi ta juya sitiyari dama da hagu har kumfa ta ƙare. Sai dai babu sil ɗin a Kalgo, sai Birnin Kebbi, in ba a dace ba sai Sakkwato. Ga shi washegari ɗaurin auren abokina a Kambaza, kuma na riga na cika baki cewa ni zan ɗauki abokan ango a motar wana.

Akwai wata dabara da makanikai suka sani. In ka zuba man birki kaɗan a cikin man sitiyari, robar takan kumbura, yoyo ya tsaya. Maigidan da ya koya mini aiki ya sha gaya mana cewa bayan ta kumbura ruɓewa take yi. Na san haka. Na zuba cikin murfi uku, na wanke famfon da fetur ya yi fes. Da gari ya waye ko ɗigo babu.

"Ka canza sil ɗin?" in ji Yaya.

"Sabo fil, Yaya."

Ya dafa kafaɗata. "Kai, ƙanena ya zama injiniya."

Na yi niyyar in an gama biki in karɓo motar in yi aikin gaskiya. Mako ya wuce, biyu suka wuce, yoyo bai dawo ba, ni ma ban tayar da maganar ba.

A mako na uku Yaya ya ɗauko Inna daga Gwandu zuwa Kalgo, za su sunan jikar goggonmu. Tana zaune a gaba da ƙwaryar fura a cinyarta. A hanya robar ta saki, mai ya tsiyaye ba wanda ya sani. Da suka iso wata kwana gab da kwalbati, sitiyari ya sandare a hannunsa kamar dutse, mota ta gangara. Ba a rasa rai a wurin ba, amma ƙugun Inna ya karye. Masu ɗori sun yi nasu, asibiti sun yi nasu, ba ta sake tsayuwa da ƙafarta ba.

Aka ce Umaru gudu gare shi. Mahaifinmu ya daina amsa gaisuwarsa. Duk inda aka zauna ana maganar ina wurin, ina cewa, "Ƙaddara ce." Ran da Inna ta sa aka kira shi, ya durƙusa yana kuka ta dafa kansa ta ce, "Tashi, Umaru, na yafe maka," ni ke riƙe da moɗar ruwanta. Ta juyo ta dube ni.

"Kai kuma, mijin banza, mi ya hana ka dariya kwanan nan?"

Na ce mura ce. Wata biyar ta yi a kwance, ta rasu farkon damina.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan a kan laka take. Sai da na manyanta na gane lakar ita ce ƙaramin laifin. Babban shi ne tsayuwar da mutumin ya yi cikin jama'a yana girgiza kai.

Yaya Umaru ya sayar da motar, ya koma noma a Dodoru, bai sake taɓa sitiyari ba. Bara, da ciwo ya kwantar da shi, na je na zauna bakin tabarmarsa na gaya masa komai, ban rage ba. Ya juyo ya dube ni.

"Na sani," ya ce. "Kwana biyu bayan abin na buɗe murfin man sitiyarin na shinshina. Direba nake, Mamman, na san warin man birki."

Na ce, "To don mi ba ka faɗa ba, Yaya?"

"Ni in na bar mota ina da gona. Kai in an ji, wa zai sake kawo maka ko keke? Kuma Baba ya riga ya fitar da ɗa guda daga ransa, in ƙara mashi na biyu?" Ya yi tari, ya kamo hannuna. "Na dai yi ta jira ka zo. Ka daɗe."

Bai kai wata guda ba bayan nan ya rasu. Mahaifinmu kuwa ya rasu tuntuni, bai taɓa jin gaskiya ba, kuma babu inda zan same shi in gyara.

Ku da ke da sana'a a hannu, ina roƙonku, in abin gyara bai samu ba ku ce bai samu ba, ku ajiye motar ko da mai ita zai yi fushi. In kuma kun riga kun yi irin nawa, kada ku bar wani ya kwana da laifinku ko dare ɗaya. Ku je ku faɗa tun waɗanda ya kamata su ji suna da rai.