Goron da Na Mayar

A gidanmu ni ce gwaggon da ake cewa ba ta da ta-ido, kuma ban taɓa musu ba. Ɗinki nake yi a unguwar Birni cikin Damagaram, a wani ɗan shago da ke jikin gidan yayana. 'Yarsa ta fari a gabana ta girma. A shekarar da nake magana tana da sha takwas, tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, saura wata uku ta zauna jarrabawar bak ta kammalawa. Kullum in ta taso sai ta biyo shago ta sha ruwa, ta kushe min zanen da na yanka, sannan ta shiga gida.

Wata Laraba ba ta biyo ba. A wayar salulata na ga dalili. Muna da gurup na matan dangi, inda ake sanar da suna da biki da rasuwa, nan wata 'yar kawunmu ta turo hoton yarinyar, irin wanda bai kamata kowa ya gani ba, ta rubuta a ƙasa wai Allah ya shirya mana zuri'a. Mata suka yi ta amin. Saura kaɗan allura ta huda min yatsa.

Na same ta a ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Da kyar ta gaya min. Wani yaro ne da suka yi soyayya, ɗan wani ɗan kasuwa a Zango, ya yi ta naci har ta tura masa hoton. Da ta ce ta fasa, ya ce sai ta dawo ko duk Damagaram ta gani. Ba ta dawo ba, shi kuma ya cika alkawari. Kwana biyu 'yan ajinsu na aiko mata zagi, wasu ma ba ta san lambarsu ba. Na yi mata faɗa, ba zan ɓoye ba, na ce ta yi wauta. Daga nan na rungume ta muka yi kuka tare.

Yayana ya so ya farfasa salular yarinyar da taɓarya, matarsa kuma ta fara goge saƙonni, a ganinta in an goge an wanke. Na fizge salular na kai shago na tura ƙarƙashin ƙyallaye. Ban san doka ba a lokacin, na dai san wanda ya yi barazana da hannunsa ba zan taya shi share sawu ba. Kafin la'asar sun yanke shawara: a kai ta Gidimuni wajen kakarta har magana ta lafa. Kowa ya san ma'anar haka, babu bak ke nan.

Washegari uban yaron ya aiko dattijai uku da ƙunshin goro. A wajenmu in aka zo ban haƙuri, maigida ya kwance ƙunshin ya raba, to magana ta mutu, kuma duk wanda ya sake tayar da ita ko ya kai ta gaban hukuma shi ne ya ci mutuncin manya. Ina jin su daga shago suna cewa yarinta ce, a rufa wa juna asiri. Asirin wa ya rage a rufa? Nata yana cikin aljihun kowane ɗan kabu-kabu a garin nan, na yaron kaɗai ake son rufewa.

Na shiga wajen yarinyar na tambaye ta abin da take so, don duk gidan ba wanda ya tambaye ta. Ta ce, "Gwaggo, ni bak nake so in yi. Kuma ina so ya san abin da ya yi."

Mace ba ta shiga zaure in maza na zaman sulhu. Na shiga. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, yayana har ya kama igiyar ƙunshin. Na ɗauke goron daga gabansa na ajiye a gaban babban cikinsu.

"Baba, ku yi haƙuri, ku mayar wa wanda ya aiko ku. Mai maganar ba ta yafe ba."

Yayana ya ce in fita, na fita. Amma bai sake miƙa hannu ga goron ba, kuma har yau ban tambaye shi dalili ba.

Na kai yarinyar da salular komisariya, ofishin 'yan sanda, wata 'yar sanda ce ta saurare mu. Ta duba saƙonnin da suka tsira, ta ce da an goge su duka da aikin ya yi wuya. Ta gaya mana akwai doka kan laifukan intanet, kuma ba wanda ya fara watsawa kaɗai take kamawa ba, har wanda ya karɓa ya tura gaba. Ta tambayi inda na fara ganin hoton. Na san abin da amsata za ta jawo, na kuma faɗa.

Aka kira 'yar kawunmu. Ta rantse ita nasiha ta yi, aka ce mata nasiha ba ta buƙatar hoto. Gargaɗi aka yi mata ta sa hannu, ita da wasu 'yan ajin, amma yinin da ta yi a kan benci bai fita ranta ba. Aka cire ni daga gurup, rasuwar wata innarmu ma a bakin maƙwabta na ji. Yaron kuwa an kai shi gaban alƙali, ya yi watanni a kaso. Ban yi guɗa ba. Uwarsa ni na ɗinka mata kayan sunansa, na ji tausayinta har raina, amma da za a sake da haka zan sake yi.

Tun kafin a gama shari'ar na ce ranar Litinin yarinyar za ta koma lakkol, ta ci gaba da karatu. Na rufe shago na raka ta a ƙafa, ta babbar hanya, ba ta lungu ba. Hannunta na cikin nawa. A bakin ƙofar lise samari sun yi cirko-cirko, muna isowa hirarsu ta ɗauke, wani ya yi 'yar dariya. Na gyara mayafi zan shiga da ita har aji, bakina cike da abin da zan gaya musu.

Ta zare hannunta ta ce, "Gwaggo, ki tsaya nan. In kika shiga da ni yau, gobe ma sai kin shiga."

Na tsaya. Ta bi ta tsakiyarsu, suka dare mata, ba ta sunkuyar da kai ba kuma ba ta waiwayo ni ba.