Takalmin da Mai Bene Ya Sa Zuwa Kotu

Shekara talatin da ɗaya Baban Takalma ya yi yana zaune a ƙarƙashin matakalar wani bene mai hawa uku, kuma duk tsawon shekarun nan bai riƙe fuskar kowa ba. Ƙafa ya sani. Idan matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ta ce masa wance ta haihu, sai ya ce, "Wace ce wance?" Ta ce mai sayar da yadi a hawa na biyu. Sai ya ce, "Af, mai cin dunduniyar hagu. Allah ya raya."

Wurin nasa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Benci ne, da akwatin katako, da ƙarfen da yake kifa takalmi a kai, da basilla, da gwangwanin gam, da guduma wadda ƙotarta ta yi baƙi don riƙo. Da waɗannan ya aurar da 'ya'ya uku, ya kai ta huɗun makarantar koyon jinya.

Yana da wata ɗabi'a da Inna ta daɗe tana yi wa dariya. Duk takalmin da ya gyara sai ya ɗaga shimfiɗar ciki, ya rubuta kwanan wata da biro, da abin da ya kawo takalmin: ɗinki, ko gam, ko dunduniya. Tun yana sabon hannu mutane ke dawowa bayan wata shida su rantse shekaranjiya ya gyara ya ɓalle. Shi kuwa bai iya musu ba, sai dai ya ɗaga shimfiɗa ya nuna.

"Aji huɗu ka yi a makaranta," in ji Inna, "duk karatun ya ƙare a warin ƙafar mutane."

"Ai ana karantawa," in ji shi.

Sai Mai Bene, wanda ya gaji ginin daga mahaifinsa bai taɓa ɗora bulo ɗaya ba, ya ga matakalar siminti ba ta dace da darajarsa ba. Ya sa aka shimfiɗa mata farin tayil mai ƙyalli kamar faranti. Aka cire ƙarfen dafawa, wai za a kawo sabo. Sabon bai zo ba. Bututun tankin sama kuma ya fara yoyo, ruwa na bin matakala tun safe. Manyan mutane da jakunkunansu suka koma hawa a karkace suna dafa bango. Kowa ya kwaso takalmansa ya kawo wa Baba. Shi kuma ya manna roba a tafin, ya sa wuƙa ya yi mata tsaga uku a kwance don ta kama ƙasa, ya rubuta a ciki: santsi.

Wata Talata da hantsi ya hau kai wa likitan haƙori na hawa na biyu takalmansa. A saukowa ƙafa ta tafi, ya kai hannu inda ƙarfe ya kamata ya kasance, ya kama iska. Wuyan hannunsa na dama ya karye wuri biyu, hannun guduma. A cikin hayaniyar ɗaukarsa zuwa asibiti takalman ƙafarsa suka zube, mai shara ta kwashe, ba a sake ganinsu ba. Kafin kwana biyu an ɗaure bututu, an kafa ƙarfen dafawa. Abin da ya gagara wata biyar, ga shi an gama kafin kumburin hannun mutum ya saɓe.

Mai Bene bai leƙo asibiti ba, ko lemo bai aiko ba. Bayan sati uku lauyansa ya zo gida da takarda, yana ta "sannu Baba" kamar jikansa. Ya ce za a biya kuɗin asibiti gaba ɗaya, Baba dai ya dangwala yatsa. Inna ta ji sanyi a ranta, don ita ta san abin da ya rage a ɗakin girki. Auta, mai karatun jinya, ta karanta takardar a bayyane.

"Koma wurin nan," in ji Baba.

Ta koma. An rubuta cewa ya faɗi ne saboda tafin takalminsa ya suɗe.

"Takalmin wa?"

"Naka, Baba."

Ya dubi ƙafar lauyan, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, ɗauki takardarka. Ka gaida gida."

Da baƙon ya fita Inna ta sauke wa Baba abin da ke cikinta. "Malam, girman kai za mu dafa? Takalmin ma ya ɓata, wa zai tambaye shi?"

"Ni zai tambaya. Ke in kika ji mai gyaran takalmi ya karye don nasa ya suɗe, za ki kawo masa naki?"

Gaskiya ce, ba za ta kai ba. Washegari ita ce ta riga shi shiryawa, ta ɗaura ɗankwali.

Auta ta kai su ofishin da ake taimaka wa marasa hali da lauya. Aka haɗa su da wata yarinya siririya wadda Inna ta raina da gani ɗaya, Baba kuwa ya yarda da ita nan take, wai mai goge takalmi har bayan dunduniya ba ta aikin ganin ido. 'Yar Lauya, haka suka riƙa kiranta. Ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: a dokar jiha mai gini ne ke da alhakin kula da matakalarsa, amma sai an nuna ya san da haɗarin ya yi sakaci. In kuma kotu ta yarda takalmin Baba na da laifi, diyyar za ta ragu, maganar kuma ta zauna a rubuce.

"Diyyar ta ragu," in ji Baba. "Maganar ce ba na so ta zauna."

'Yan hayan benen, waɗanda Baba ya hana ƙafafunsu karyewa, kowa ya noƙe. Wannan ya ce yana da iyali, wancan ya ce shi bai ga komai ba. Tsoron takardar tashi ne, ba wani abu ba. Aka yi ta ɗage zama har wata goma sha huɗu. Yau lauyan Mai Bene ya yi tafiya, gobe fayil bai iso ba. Inna ta koma yi wa maƙwabta guga. Baba yana tsakar gida yana koya wa hannun hagu guduma, yana bugun yatsa, yana cewa ƙusar ce ba ta da kirki.

Ranar da Mai Bene zai ba da shaida, kotu ta cika da 'yan haya, sun zo kallo tunda kallo ba ya jawo takardar tashi. Ya shigo yana ƙamshi, ya zauna a bencin gaba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Da aka kira shi ya rantse, ya ce shi bai taɓa jin matakalar na da santsi ba, ba wanda ya taɓa kawo masa ƙorafi, shi kansa yana hawanta kullum lafiya lau.

Inna tana tafasa. Ta juya ta ga mijinta ko kallon mutumin ba ya yi, idonsa na ƙasa kamar kullum. Ta zungure shi. Shi kuma ya taɓa hannun 'Yar Lauya.

"'Yata, takalmin nan aikina ne."

"Wanne, Baba?"

"Na ƙafarsa. Na ga tsagar tafin lokacin da ya ɗora ƙafa kan ɗaya. Wani direba ya kawo min shi a leda, ya ce oga ya kusa faɗuwa. Ban tambayi wane oga ba."

Yarinyar ta miƙe ta roƙi kotu a sa mai shaida ya cire takalmi. Lauyan can ya yi tsalle, wai cin mutunci ne. Mai shari'a, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya ce shi bai taɓa jin an mutu don cire takalmi ba. Mai Bene ya sunkuya ya cire. Masinjan kotu ya juya tafin: tsaga uku a kwance. Ya ɗaga shimfiɗar ciki ya karanta kwanan wata, wata huɗu kafin faɗuwar Baba, da kalma ɗaya: santsi.

Lauyan ya ce kowa na iya rubutu a takalmi. Kafin ya rufe baki, likitan haƙori, wanda ya shekara yana sauya hanya in ya hango Inna, ya cire nasa ya ɗaga sama. Mai yadi ta cire nata. Mai shari'a ya ce a mayar, nan ba kasuwa ba ce, amma ya sa aka rubuta sunayensu, kuma a zama na gaba suka yi magana. 'Yar Lauya ta tambayi Mai Bene a ina ya kusa faɗuwa har ya aika a sa masa roba. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a safa yana kallon fanka.

A bakin kotu Baba ya matsa kusa da shi. Inna ta gyara tsayuwa, ta ce yau dai mijinta zai faɗi magana.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "dunduniyar dama ta fara ci. Kada a bari ta kai fata."

Har suka isa gida Inna ba ta yi masa magana ba.

Bayan wata biyu aka yanke hukunci: sakacin mai gini ne, ya biya magani da diyyar hannu. A shafi na shida mai shari'a ya rubuta cewa babu wata shaida da ta nuna takalmin mai ƙara na da aibi. Wannan shafin Baba ya sa Auta ta karanta masa sau uku, sannan aka sa masa shi a leda.

Hannun bai koma daidai ba, ba ya lanƙwasuwa, sai dai ya riƙe takalmi hagu ta buga. Mai Bene kuma ya ce yana bukatar ƙarƙashin matakalarsa, abin da kowa ya san zai faɗa. Baba ya tsallaka titi ya kafa benci a rumfar mai kantin magani, ya rataye shafi na shida a saman akwati, masu takalma suka tsallako suka bi shi. An kankare tayil ɗin an sa mai kaushi.

Rannan Inna ta kawo masa abincin rana ta tarar yana harara benen.

"Me kuma aka yi?"

"Tun da suka gyara matakalar nan ba wanda ya kawo a sa masa roba."

"To je ka ka kai ƙara," in ji ta, ta buɗe masa kwano, ta sa masa cokali a hannun hagu.