Koren Maballi

Ni fa a duk Kamazou, kai har ka dangana da Trikania, babu malamin kimiyyar da ya kama ƙafata. Haka nake faɗa a lokacin, da bakina, ko ba a tambaye ni ba. Amma akwai ranar da ko tsufa ya sa na manta sunana, ita ba za ta fita daga raina ba.

Shekarar da aka kawo wa firamarenmu kwamfutoci, an sa mana wata manhaja mai gonar masara a ciki. Yaro zai ƙara ruwa, ya rage rana, ya zuba taki, masarar ta girma ko ta bushe a gaban idonsa. In ta bushe, akwai wani koren maballi a gefe, da ka danna sai ta dawo shar. Ni kuwa sai na mai da abin wasan kwaikwayo. In ɗaga yatsa sama kamar fasto ya zo tsakiyar wa'azi, in ce, "A ajin nan babu abin da ke mutuwa sai da izinina," sannan in danna. Yara su yi ta tafi, kaina ya kumbura har ƙofar aji ta yi mini kaɗan.

Akwai wata yarinya 'yar aji uku, shiru-shiru, mai zama a gaba. Wata Litinin ba ta zo ba, sai da aka tashi na gan ta a bakin ofis, babu yunifom.

"Ankul, ka zo gidanmu da kwamfutar."

Na ɗauka labarina ne ya kai kunnen iyayenta. Na goge takalmi, na rataya jaka, muka kama hanya, ina ta zuba surutu.

Muna shan kwana na ga rumfa da kujerun roba, matan zumuntar coci suna waƙa ƙasa-ƙasa. Ƙanenta ne, jariri, zazzaɓi ya tafi da shi da asuba. Ta riƙe hannuna ta ja ni har ƙofar ɗaki, ta nuna mini inda aka kwantar da shi cikin farin zane.

"Ankul, danna masa koren."

Da ƙyar na durƙusa na ce mata wannan kam ba na iyawa, babu mai iyawa sai Allah.

Har yau da manhajar nake koyarwa, kuma yara suna ganewa sosai. Sai dai yanzu duk wanda masararsa ta bushe, mukan tsaya mu kalle ta tukuna, in gaya musu ta gonar gaske ba ta da maballi. Na gane abin da babba ya faɗa da wasa, yaro alkawari yake ɗaukarsa.

Ita dai yarinyar, ranar ba ta yi kuka ba. Ta saki hannuna, ta dubi jakata, ta ce, "Ashe masara kawai ka iya, Ankul."