Ledojin Garin Kunu Marasa Takarda

Ina da ciki wata biyar muka fara sana'ar garin kunun yara, ni da wata mata da nake kira Yaya. Ba mu haɗa dangi ba. 'Yar ƙabilar Gbagyi ce, Kirista, daga wani ƙauye a yankin Gayam, ta dawo cikin garin Birnin Gwari da 'ya'yanta tun da noma a bakin daji ya fara gagara. Ita ce ta iya suyar waken suya da gyaɗa da gero yadda ba sa ƙonewa. Ni kuma waya na iya: ɗaukar hoto, talla a WhatsApp, da lallaɓar direbobin da ke kai mana kaya Kaduna. Muka kama ɗaki a bayan kasuwa, muka sayi injin liƙe leda, na sa aka buga mana takarda mai sunan garin da lambar wayata, muna mannawa a jikin kowace leda.

Haihuwar ta zo mini da wuya. Jinina ya hau, ƙafafuna suka kumbura, aka sallame ni daga asibiti da kashedin in huta. Da a ce hanya tana da lafiya, gida Kuyello zan tafi wankan jego. Sai Inna ce ta zo wurina. Ranar da ta iso ta karɓe wayata ta jefa cikin kwanon samira ta rufe, ta ce mai jego ba ta ciniki. Sau ɗaya a yini take ba ni, bayan la'asar, tana zaune a gefena tana kallon hannuna. Sana'ar kuwa duka ta koma hannun Yaya.

Muna da kwana ashirin da haihuwa wata maƙwabciyarmu ta shigo barka ta biyu. Ta ɗauki jaririyar, ta yaba gashinta, ta jira Inna ta fita duba tukunyar wanka, sannan ta rage murya. Ta ce mijinta ya ga Yaya a bayan kasuwa tana ɗaure wa wani dattijo buhu a babur, bakin buhun ya buɗe, ya ga ledojin garinmu ne, amma babu takarda ko ɗaya a jikinsu. Kuma babur ɗin ba tasha ya nufa ba, hanyar daji ya bi. Ta ce ita dai ta faɗa mini ne don tana ƙaunata.

Duk wanda ya zauna Birnin Gwari a shekarun nan ya san nauyin wannan maganar. Mai burodi, mai fetur a jarka, mai sayar da katin waya, da zarar an ce wane yana kai wa mutanen daji kaya, ba a tsayawa tambayar sa. Na san shagon da aka rufe a kan magana irin wannan, har yau ban san ko gaskiya ce ba. Kuma ko an cire takarda, kowa a garin ya san wa ke yin garin nan.

Ban gaya wa kowa ba. Na dai fara lura. Yaya tana zuwa duba ni duk bayan kwana biyu da 'yar robar gwate, ta zauna a bakin gado ta ba ni labarin aiki. Da na tambaye ta ko an sami sababbin masu saye, sai ta ce a'a, na da ne, ta juya maganar zuwa cibiyar yarinya. Sau biyu wayarta ta yi ƙara tana ɗakina, ta duba, ta tashi ta fita har zaure, na jiyo ta tana magana da yarensu ƙasa-ƙasa. Da can a gabana take amsa kowace waya. Wata rana na ɗaga labulen taga na hango ta da maigidana a ƙofar gida, sun daɗe a tsaye, shi yana ta girgiza kai. Da ya shigo na tambaye shi me suke cewa, ya ce gaisawa kawai suka yi.

Daga nan zargin ya bazu mini. Na fara tunanin ko Inna ma ta sani, shi ya sa take ɓoye wayar. Na daina cin gwaten Yaya, in ta tafi sai in ce ya yi mini yaji, abin da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Ina shayar da yarinya ina lissafin mutane, wa ya shigo, wa ya kalli wa. Ta fara kuka a kan nono don ruwan ya ragu. Kaina yana sara daga ƙeya har ido. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, ta ƙara wa ruwan wanka zafi, ta ƙara mini kunun kanwa. Ina sha ina kallon ta.

Ranar da muka cika kwana talatin da ɗaya, Inna ta tafi ta'aziyya a layin baya da hantsi. Na naɗe yarinyar a tawul, na zura babban hijabi, na fita. Ban taɓa taka waje ba tun ranar da aka sallamo mu. Rana ta kashe mini ido, ƙasa tana yi mini kamar tana motsi. Na tari Keke Napep zuwa bayan kasuwa.

Ƙofar ɗakin a buɗe take, ƙanshin soyayyen wake ya cika wurin. Yaya tana gaban inji tana liƙe ledoji, takardunmu na nan a jibge a gefe ba ta taɓa su ba. A kan benci wani dattijo ne zaune da takalmin roba da tsohuwar hula, ya riƙe buhu a buɗe tsakanin gwiwoyinsa. Da ta gan ni sai ledar ta suɓuce mata, gari ya watse a ƙasa.

Na ce, "Yaya, ina ake kai wannan?"

Ta ce in zauna tukuna, ta miƙo hannu za ta karɓi yarinyar. Na ja da baya. Na ga yadda abin ya soke ta, amma ban ba ta ba.

Dattijon ne ya amsa. Hausarsa tana da nauyin harshe, a hankali yake magana. Ya ce daji ake kaiwa, ba zai yi mini ƙarya ba. Surukarsa ce aka ɗauke a gona wata biyu da suka wuce, da goyon ɗan wata takwas a bayanta. Ana nan ana ta magana da waɗanda suka riƙe ta. Wata rana suka ba ta waya, ta ce nononta ya ƙafe, yaron ba ya iya cin abin da ake ba su, in ana son sa da rai a aiko da abin da zai sha. Mutanen suka yarda, suka faɗi gindin bishiyar da za a riƙa ajiyewa. Shi da Yaya ƙauyensu ɗaya, cocinsu ɗaya, shi ya sa ya zo wurinta. Wannan ne zuwansa na uku.

Yaya ta ce ita ta cire takardun don kada lambata ta shiga daji. Ta ce ta gaya wa maigidana tun karon farko, ya yi faɗa, ya ce a bari, daga baya ya ce to a yi amma kada in ji, saboda jinina.

"Da me za ki ji, ƙanwata?" in ji ta. "Ke ma ga naki a hannu."

Na tambaye ta yadda aka yi ta san yaron ne ke sha. Dattijon ya ce ba su sani ba. Yana ajiyewa ya juyo, ba ya ko waiwaye.

Haushi nake ji sun mayar da ni yarinya a cikin sana'ata, tsoro nake ji don wani ya riga ya gani, kuma wani ɓangare na zuciyata yana cewa ai duk wanda aka kama yana kai kaya daji irin labarin da zai bayar ke nan. Ina kallon takalmin dattijon ina neman alamar ƙarya. Sai na ji kunnuwana sun toshe, bangon ɗakin ya karkata. Abin da na iya tunawa shi ne Yaya ta fizge yarinyar daga hannuna kafin in kai ƙasa.

Kwana uku na yi a asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna ni ta tambaye ni me nake ci, me nake sha, awa nawa nake barci. Da ta ji batun kunun kanwa da tafasasshen ruwa safe da yamma, sai ta kira Inna gefe ta yi mata bayani cikin ladabi. Inna ba ta ji daɗi ba, ta ce su haka aka yi musu, amma ta daina. A nan na gane ita ba ta san komai game da ledojin ba. Wayar ma don ta ga ina amsa saƙo yarinya tana kuka ne ta ɓoye.

A gadon asibitin na yanke shawara. Na ce wa maigidana ya ɗauki dattijon su je wurin mai unguwa su faɗi komai, don in magana ta tashi a ce an sani. Mai unguwa ya saurare su, ya aika aka tambaya a yankin nasu, aka tabbatar an ɗauki matar da ɗanta. Bai ce a kai ba, bai ce a bari ba. Ya dai ce ya ji. Aka ƙara kaiwa sau biyu. Ni kuma na ce wa Yaya daga yau ko ina kwance a kawo mini magana, kada a sake yanke mini hukunci a ƙofar gida. Ta ce ta yarda, da sharaɗin in daina taɓa waya daga azahar zuwa la'asar in kwanta tare da yarinya. Ba kullum nake cikawa ba.

Maganar ta ɗan zaga unguwa. Mata biyu da ke saye a wurinmu suka daina, ba su faɗi dalili ba. Maƙwabciyar da ta kawo mini labarin ta ci gaba da shigowa tana tambayar ya ciniki, ni kuma ina amsa mata da alhamdu lillahi, ba ƙari.

Yarinyata tana koyon zama aka sako matar. Bayan sati biyu dattijon ya kawo ta ɗakin aikinmu. Doguwa ce, ta rame har wuyanta ya fito, yaron yana bayanta, kansa ya fi jikinsa girma amma idonsa a buɗe tar. Ta durƙusa za ta yi godiya, Yaya ta ɗaga ta. Ni dai tambayar da ke cina na yi mata, ko garin yana isa gare ta.

Ta ce a cikin kaiwa biyar, sau biyu aka ba ta, leda uku-uku. Sauran masu gadinsu ne suke damawa da safe, tana kallo suna sha. Nata kuwa ta riƙa tsakura da ɗan yatsa tana dama masa a murfin jarka, har ya kai su.

Yaya ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Na kunna risho na ɗora ruwa, na ɗauko kofi biyu da ƙananan cokula, na ce wa matar ta sauko da yaron ta zaunar da shi a tabarma kusa da tawa.