Fangalin Albasa a Filin Ƙwallo

A shekarata ta biyu ina koyar da motsa jiki a wata sakandare tsakanin Wurno da Lahodu, shugaban makarantar ya kira ni ofis ya ce an ba mu wasan ƙarshe na gasar ƙwallon makarantun yankinmu. Sharaɗin ɗaya ne, fili ya kasance da ciyawa. Za a turo jami'i daga Sakkwato ya duba, in bai gamsu ba a kai wasan Goronyo. Ɗalibanmu sun kai zagayen ƙarshe, kuma iyayensu ba su taɓa ganinsu cikin rigar wasa ba. In a gida ne kowa zai tako da ƙafa, in kuwa Goronyo ne, yadda hanya ta lalace da 'yan bindiga, ba mai zuwa kallon ƙwallo. Filin namu a lokacin rairayi ne da tsidau. Shugaba ya tambaye ni ko zan iya, ni kuma da bakin nan nawa da ba ya shawara da ni, na ce wata huɗu ma sun yi yawa. Sai da na fito na tuna ko yakuwa ban taɓa shukawa ba.

Na nufi wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a noman albasa a fadamar Rima. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya har da tari.

"Haki? Hakin da muka yaƙi da shi dut damana, shi anka ce ka shuka? Lalle boko ya kai inda za shi."

Duk da haka ya zo. Muka yi sati biyu muna tono kiri-kiri a bakin gulbi, ciyawar nan mai yaɗo da ko ka sare ta sai ta dawo, muna lodawa a amalanke. Da aka zo batun ruwa, Kawu ya yi abin da ya sani. Ya yanka filin fangali-fangali, kowane da 'yar kunyarsa ta ƙasa mai tare ruwa, kamar yadda ake yi wa albasa. Injin ban ruwa ya cika wannan, a toshe, a buɗe wa na gaba. Ban ga laifin hakan ba, asali ma burge ni ya yi.

Ciyawa ta kama. Cikin wata biyu fili ya yi kore shar a tsakiyar rani, masu babur suna tsayawa kallo. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, na hana kowa takawa, har malamai suka riƙa tsokanata wai na yi amarya. Kullum da asuba ina can ina duba ko ta yi ja, ko gara ta shiga. Da lauje muke rage mata tsawo, ta kwanta luf ta rufe komai, har na manta akwai wani abu a ƙarƙashinta.

Saura sati uku jami'i ya zo na bari yara suka gwada filin. Ba a yi minti goma ba na lura ƙwallo tana tsalle inda ba a aike ta ba. Can sai mai buga mana gaba ya kwaso gudu, ya yi tuntuɓe a wurin da ba kowa, ya faɗi yana riƙe da idon sawu. Targaɗe ne, mai ɗori ya ce ya auna arziki. Da aka watse na tuɓe takalmi na bi filin. Duk taku biyar sai na ji tudu a tafin ƙafata. Kunyoyin Kawu suna nan daram, saiwa ta ɗaure su, rana ta gasa su sun yi tauri kamar bulo.

Na koma wurinsa a guje na ce mu fasa su.

"Hwasa mi?" in ji shi. "In ka hwashe su ruwa ba su tsayawa. Ga zahin ga, kwana bakwai hakin ga ya ƙone. Kuma inda dut ka sare, wata biyu ba shi ruhewa. Ka zaɓi guda, ɗana."

Ban zaɓa ba. Shugaba ya tambaye ni abin da ya sami yaron, na ce santsi ne. Wannan ƙaryar ta zauna mini a ƙirji. Abinci ya daina shiga, matata ta yi ta tambaya ko a makaranta aka yi mini wani abu. Ina cikin aji sai in ga yara ashirin da biyu suna gudu a kan tudun nan, rabinsu baƙi da ba su san da shi ba. Sai kuma in tuna ɗaliban da suka riga suka gaya wa iyayensu rana. Na yi ta lallashin kaina cewa wanda ya faɗi tsautsayi ne, wataƙila a yi wasan a tashi lafiya. Na yi ta faɗa, ban yarda ba ko sau ɗaya.

Jami'in ya iso da hantsi, dattijo mai ƙiba cikin takalmi sau-ciki. Ya tsaya a bakin fili tare da shugaba, ya duba gabas ya duba yamma, ya sunkuya ya shafa ciyawar.

"Malam, wanga aiki ya yi kyau. Ko cikin birni ba kowane hili ad da haki hakanga ba."

Shugaba ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. Jami'in ya ɗora takarda a kan mota zai sa hannu, sai biro ya ƙi. Ya yarfa shi, ya goga a tafin hannu, ya shiga laluben aljihu. Ina tsaye ina kallonsa. Ban san lokacin da na ji muryata ba.

"Ranka shi daɗe, kahin ka sa hannu, ka tuɓe takalma ka shiga tsakiya."

Ya dube ni, ya dubi shugaba, sannan ya tuɓe. Bai kai da'irar tsakiya ba ya tsaya cak. Ya danna ƙafa, ya matsa gaba ya sake dannawa, ya dawo wurin mota. Da wani biron ya rubuta cewa a kai wasan Goronyo.

Shugaba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ranar wasa aka loda yara a mota, ba wanda ya ce in hau, ni ma ban nema ba. Biyu daga cikinsu suka kau da kai da muka haɗa ido.

Mutane daga baya sun yi ta cewa na yi gaskiya, ni kuwa ba na amsawa, don na san abin da ba su sani ba. Da biron dattijon nan ya kama tun farko, da na yi shiru.