Tambayar Marta ba ta samu shiga ba

Garwa zuwa Poli

Ana idar da sallar asuba Bappa Sali, direban maƙwabcinmu, ya ɗauke ni. Wata ƙungiyar ma'aikatan lafiya ce ta gayyace ni Poli in yi wa shugabannin asibitocin ƙauye jawabi kan jagoranci da renon na ƙasa, tunda a wannan aikin na yi furfura. Mun haye gadar Binuwai gari bai waye ba. A shingen Ngong wani jandarma mai tsaron hanya ya juya katin shaidata gaba da baya kamar mai zaɓen atamfa, sannan ya sake mu. Muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa. Daga mararrabar Poli kwalta ta ƙare, sai laka da ramuka, ga damina ta kankama.

Poli

A bakin zauren taron wata yarinya ta tare ni, ƙafafunta duk taɓo. Marta sunanta, ungozoma, an ba ta riƙon wani ƙaramin asibiti a kan dutse.

"Mama, ma'aikatana duk sun haife ni," in ji ta. "In na ba da umarni sai dariya. In ban samu dabara yau ba, ajiye aikin zan yi."

Na ce, "'Yata, ki yi tambayar a cikin taro, irinki suna da yawa."

Ashe ba a buɗe taro sai shugaban ƙungiya ya zauna. Muka yi ta gadin kujerarsa har bayan azahar. Da ya iso aka miƙe, aka tafa, aka jero sunayen manya da muƙamansu da Faransanci, wani ya maimaita da Fulatanci. Shugaban kuma ya yi dogon jawabi kan muhimmancin kiyaye lokaci, ko kunya babu. Raina ya ɓaci.

Mai gabatarwa ya raɗa mini, "Hajiya, a taƙaita, abinci na hucewa."

Na taƙaita. Na ce shugaban da ba ya sauraron na ƙasa da shi, sunan shugabanci kawai yake riƙe da shi. Suka tafa da ƙarfi, layin gaba ma ya fi kowa.

Da aka zo tambayoyi Marta ta ɗaga hannu daga can baya. Mai gabatarwa ya ce tsari shi ne a bi girma, daga gaba zuwa baya. Dattawa uku suka miƙe, babu mai tambaya a cikinsu, kowa tarihin kansa ya ba mu. Na nuna Marta da yatsa na ce ita nake son ji. Aka ce shugaba ya riga ya rufe taro.

Na bar musu shinkafarsu na fita nemanta. Wani abokin aikinta ya ce ta tafi, hadari ya haɗo, mai babur ɗin da ya kawo ta ya ƙi jira, don in rafi ya cika sai gobe.

"Ta bar saƙo?"

"Ta ce kayanta za ta je ta haɗa, Hajiya."

Komawa

Na kira Bappa Sali muka kama hanyar gida. Mun shiga Garwa bayan magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Bappa Sali da ya jure fushina. Masu taro kuwa ba su da godiyata. Matan da ke kan dutsen nan za su haihu a daminar bana babu ungozoma.