Kawu Bala da Yaƙin Tsofaffi

Duk wanda ya san Kawu Bala mai tsiren Bab Makka, nan Jidda, ya san shi da rediyo rataye a wuya, yana juya nama yana musu da ita. Mai labarai ya faɗi magana, Kawu ya nuna ta da wuƙa: "Kazzab! Ƙarya kake yi, kana wurin ne?" Batir kuwa ba ya mutuwa a hannunsa. In ya yi sanyi ya shanya shi a rana, ya ɗan cije shi, ya mayar. Na taɓa zubar da guda biyu da suka fara tsatsa, wallahi sai da ya sa na tone shara.

Ku yi dariya, ni ma ina yi, amma ni Zainabu tawa da ɗaci take fita. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun muna Sudan, kuma ɗansa na fari nake aure, baban 'yata Asiya. Mijin nawa kuku ne a jirgin ruwa mai dakon mai. Wata rana ya ce za su kai wa sojan Amurka mai a Biyetnam, wata uku ya dawo. Ranar da jirgin ya tashi Kawu ya sayi rediyon nan.

Larabcin Kawu kun san shi, rabi ji rabi cikawa. Da rediyo ta ce Amurka na yaƙar shuyu'i, wato 'yan kwaminis, shi kunnensa shuyukh ya jiyo, tsofaffi ke nan. Nan take ya tashi tsaye tsakiyar kasuwa yana ihu da Larabci: "Ni ina bayan shuyu'i! Allah ya ba shuyu'i nasara!" A Jidda fa! Masu sayen tsire suka watse, wani har ya bar takalmi. Askari, wato ɗan sanda, ya damƙe shi.

"Ya Hajji, kai shuyu'i ne?"

Kawu ya shafa furfurar gemu. "Makaho ne kai? Ba ka gani?"

Sai da maƙwabcinsa mai atamfa ya rantse ya maya kafin a sake shi. Ya dawo gida yana huci: "Ƙasa guda ta haɗa jirage a kan tsofaffi, a nan ma an hana mu magana."

Lokacin aikin Hajji wani malamin makaranta daga Najeriya ya tsaya sayen tsire, ya ce bari ya warware masa. "Baba, ba tsofaffi ba ne. 'Yan gurguzu ake nufi."

"Gurguzu? Irin rama?"

"A'a, tsari ne na mulki..."

"Tsaya, Malam. Ni na yi noma. Gurguzun da muke zuba wa awaki, shi ake kashe mutane a kai? Su zo in ba su buhu su sallamo mini wancan yaron. Halas, shi ke nan!"

Wancan yaron bai dawo ba. Wata uku ya zama shekara. Sai kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya aiko da takarda: an harbi jirgin a cikin kogi, wuta ta kama, ba a ga gawa ba. Na yanki jiki na faɗi. Kawu kuwa ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce, "Ba gawa, ba mutuwa." Ya naɗe tsiren wani Bayamane da ita.

Liman ya zo gaisuwa da jama'a. Kafin ya buɗe baki Kawu ya riga shi: "Malam, na ga kun taru. Wa ya rasu muku? Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri." Ya shafa fatiha, ya raka su bakin ƙofa. Mutane suna ba da wannan labari suna ƙyaƙyatawa har yau. Ni ina bayan labule, na san an gama da ni. Babu sallar gawa, babu takaba. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. In je kotu? Iƙamata, takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa, kuma wa zan kai ƙara, mutumin da ya goya ni? Shekara bakwai ina wankau a gidajen unguwar Bagdadiyya. Manema biyu suka fito, ya kore su da tsinken tsire: "Matar mutum ce, yalla!" Na tsane shi a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Ina zuba masa tuwo ina tsanarsa.

Da aka ce Amurkawa sun kwashe nasu sun tafi gida, Kawu ya yi wata biyu yana zuwa bakin tashar jiragen ruwa, yana leƙa fuskar duk baƙin mutum da ya sauko. Rannan da hantsi ina shanya, sai ga shi tsaye da ƙullin farin yadi a hammata. Ya ajiye a kan turmi, bai dube ni ba.

"Sun ce yaƙin ya ƙare. Kowa ya koma wurin uwarsa." Sai ya ce, "Zainabu, Haruna ya mutu."

Ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar.

"Ki shiga takaba. Na tsare ki ne don in kin zauna, kamar yana hanya. Ki yafe mini."

Na ɗauki yadin na shige ɗaki. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, kullum in na ajiye masa abinci sai ya ɗago ya dube ni, ni kuma in kau da kai. Na ce a raina yafiya sai gobe, sai gobe, har kuka ɗauke shi zuwa makabarta shekaranjiya.

To ga ku nan, ku zama shaida. Kawu, na yafe. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya haɗa ka da ɗanka inda ba mai aikensa ko'ina.